Proton Mail a Maraɗi, ya cancanci wahalar ko a tsaya ga Gmail?

Salamu alaikum jama'a. Tunda wasu malamai sunka fara ba ɗalibai adireshin imel mai ƙarewa da proton.me, tambaya guda ce ake ta yi mini a shago, wai shin wanga abu ya fi Gmail ne, kuma da gaske ne babu gwamnatin da ke iya karanta abin da ke ciki? Ni aikina buga takardu ne da sikan da haɗa ma ɗalibai dosiye na neman bursu, don haka kullum hannuna na cikin imel, akwatin da na buɗe ma mutane ban san adadinshi ba, kuma ni kaina na jima ina aiki da Proton ɗin gefe guda da Gmail. To bari in faɗi abin da na gani, wanda ya ga dogon rubutu ya yi haƙuri, maganar ce ke da jela.

Rabin abin da ake faɗi gaskiya ne. Cikin wasiƙar, wato rubutun da takardun da ka liƙa, a kulle suke a wajensu kuma su kansu masu kamfanin ba su riƙe da mabuɗin. Amma wa ya aika, wa anka aika ma, ƙarfe nawa, da kan maganar da ka rubuta a sama, duk waɗanga ba su shiga cikin wancan kullin ba. Wanda ya ce maka da ka buɗe Proton ka ɓace ma duniya, talla yake maka.

Buɗe akwatin ba shi da wuya. Ka sauke manhajar daga Play Store ko ka shiga ta ordinatar, ka zaɓi na kyauta, ka zaɓi suna da kalmar sirri, wani lokaci su ba ka ɗan gwajin nan na tabbatar da kai mutum ne, wani lokaci su nemi wani imel ko lambar waya su turo kod. Akwai Faransanci a ciki, wanda ya yi lakwal ko kaɗan ba zai ɓata ba, Hausa dai babu. Fuskar manhajar tsaf take, babu tallar kowa, kuma abin da ya burge ni shi ne yadda yake tare ɗan ɓoyayyen hoton nan da kamfanoni ke sakawa cikin imel don su san ka buɗe saƙonsu da lokacin da ka buɗe, har ya nuna maka nawa ya tare. In reso ya yi ƙasa shina ɗan jan ƙafa wajen buɗe saƙo mai nauyi, don sai wayarka ta kwance kullin da kanta, amma a waya mai ɗan ƙarfi ba wani abu ba ne. A tsohuwar waya mai ƙaramin ciki za ka ji bambancin.

Kafin in shiga aibinsa sai na koma baya, don in ba a san yadda imel ya faro ba ba za a gane abin da ake sayar muna ba. Imel ba a gina shi don sirri ba tun asali. ARPANET, uwar intanet ɗin nan, ta fara a 1969 da kuɗɗin ma'aikatar tsaron Amurka, a 1971 wani injiniya Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata na'ura zuwa wata, shi ne ma ya zaɓo alamar @ da muke ta fama da nemanta a madannai. Da layin ya fita Amurka a 1973 wuri biyu ya sauka, University College ta Landan da wata cibiya a Norwe da ake ce ma NORSAR, wadda aikinta sauraren girgizar ƙasa ne don a gane in wata ƙasa ta gwada bom ɗin nukiliya, kuma kowa ya san Tarayyar Sobiyet ake ma kunne. Ka ga tun ranar farko malaman jami'a da masu tsaro waya guda suke hawa.

Jami'o'in da ba su da kwangilar soja sai sunka haɗa nasu. A 1981 anka ja layi tsakanin jami'ar birnin New York da ta Yale anka sa mishi suna BITNET, ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce, ka biya kuɗɗin layinka zuwa jami'a mafi kusa, ka yarda wani ya jona daga wajenka, kuma ka wuce da saƙon kowa kyauta. Gudun layin bit 9600 a daƙiƙa, hoto guda mai mega 1 da muke turawa yanzu ba mu ko kula ba sai ya ci kusan minti 14. A 1984 Turai ta samu nata mai suna EARN, kamfanin IBM ya ɗauki nauyin layukan shekarun farko. To yadda saƙon ke tafiya shi ne abin lura, ba kai tsaye yake zuwa ba, kowace na'ura sai ta karɓe shi gaba ɗaya ta ajiye sannan ta miƙa ma ta gaba. Kamar ka rubuta wasiƙa ba ambulan ka ba direba a tashar Maraɗi, shi ya ba wani a Konni, wancan ya ba wani a Doso kafin ta kai Yamai, kowane na iya karantawa, kowane na iya kwafewa, ba abin da ke hana su sai mutunci. A tsarin UUCP ma, wata tsohuwar hanyar miƙa saƙo daga na'ura zuwa na'ura, kai da kanka kake jera sunayen na'urorin da saƙon zai bi, kana raba su da alamar motsin rai, ka san sarai hannu nawa za ta ratsa. Mai kula da na'ura a kowace jami'a, in saƙo ya maƙale, buɗewa yake ya ga inda matsala take. Malaman sun sani, sun dai yarda da juna ne don a lokacin ba su da yawa.

Da abin ya fara tsallaka iyakoki na siyasa nan tsoro ya shigo ta ɓangare biyu. Gwamnatocin yamma na tsoron kada ilimin kwamfuta ya zube zuwa gabas, suna da wani kwamiti CoCom mai hana sayar ma ƙasashen gurguzu manyan na'urori. Su kuma malamai na tsoron wa ke zaune a tsakiyar layi. Imel na farko da ya fita daga Sin ta irin wagga hanya a Satumba 1987 ne, daga Bejin zuwa jami'ar Karlsruhe ta Jamus, da taimakon farfesa Werner Zorn. A Mosko a 1990 masu aiki a cibiyar nukiliya ta Kurchatov sunka kafa Relcom, suna kiran wata na'ura a Helsinki ta layin tarho na yau da kullum suna musayar saƙonni, kuma da masu ra'ayin riƙau sunka yi yunƙurin juyin mulki a Agusta 1991 sunka kama rediyo da talabijin, ta wanga ɗan layin labarai da sanarwar Yeltsin, shugaban Rasha da ya bijire musu, sunka dinga fita waje. Abin dariya, ba kulli ne ya cece su ba, masu juyin mulkin ne hankalinsu bai kai wajen ba. A Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, jami'ar Rhodes wajen 1989 ta samu hanyar imel ta gidan wani mutum Randy Bush a Portland ta Amurka, tarho ake bugawa a kwashe saƙonni.

Namu ɓangaren fa? Kafin intanet na sosai ya shigo Nijar a rabin ƙarshe na shekarun 1990, masu bincike a Yamai suna samun imel ta hanyar RIO, wato reson cibiyar binciken Faransa ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998. Yana da rassa a Dakar da Bamako da Wagadugu da Lome da Yawunde da Yamai, na'ura ta kira na'ura a kwashe abin da ya taru, cibiyar kuma tana Montpellier, saƙon ƙetare ta can yake bi. Kuma a Faransar wancan lokaci kulle saƙo da kulli mai ƙarfi sai da izinin hukuma, sai 1999 sunka sassauta dokar. Ban ce wani ya zauna yana karanta wasiƙun malamanmu ba, na ce a buɗe suke tafiya ta ƙasar wani, sakamakon binciken gero da ruwan ƙasa da cututtuka duka. Kuma ba don raina aikin ba, ya taimaki mutane ƙwarai, a lokacin da takarda ta gidan waya ke cin makonni.

Shin tsoron na banza ne? A'a. Tun 1946 Amurka da Ingila ke da yarjejeniyar sauraren sadarwa, daga baya Kanada da Ostareliya da Niyuzilan sunka shiga. A 1988 ɗan jarida Duncan Campbell ya fallasa tsarin da ake ce ma ECHELON, a 2001 majalisar Tarayyar Turai ta yi bincike ta ce lalle akwai shi. Ƴan kwamfutan da can har wasa sunka maida abin, a cikin manhajar rubutu ta Emacs akwai wani umurni spook da ke zuba maka kalmomin ban tsoro a ƙasan wasiƙa, irin su bom da makamai, wai don a cika ma na'urar masu saurare ciki da shirme. A dokar Amurka ta 1986 kuwa imel da ya wuce kwana 180 a ajiye ana iya nemansa ba tare da cikakkiyar takardar alƙali ba, kamar kayan da anka yasar.

Wanda ya fara ɗinka ma talaka ambulan shi ne Phil Zimmermann, da ya saki PGP, manhajar kulle saƙo, kyauta a 1991. Gwamnatin Amurka ta buɗe mishi bincike wai ya fitar da makami waje ba izini, don a lokacin kulli mai ƙarfi cikin jerin kayan yaƙi yake, har 1996 sannan anka rufe maganar ba a kai shi kotu ba. Ana cikin haka a 1995 anka buga rubutun manhajar gaba ɗaya a matsayin littafi, tunda littafi dai ba a hana fita da shi. Matsalar PGP ita ce wuya, sai ka ƙera mabuɗi biyu, ka raba ɗaya ka ɓoye ɗaya, ka tabbatar na abokinka nashi ne, yawancin mutane tun a nan suke ajiyewa. To Proton Mail ba wani sabon sihiri ba ne, wancan PGP ɗin ne anka yi ma riga, manhaja ke yin duk aikin mabuɗan a ɓoye kai dai ka rubuta ka tura. Masu kimiyya ne da sunka haɗu a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke Janiba, cikinsu har da Andy Yen, sunka fara shi a 2014, shekara guda bayan Edward Snowden ya tona PRISM, shirin leƙen asirin intanet na Amurka, a Yuni 2013, kuma bayan Ladar Levison ya rufe kamfaninshi na imel Lavabit a Agusta 2013 don kada ya ci gaba da aiki bayan an tilasta mishi miƙa mabuɗai. A 2016 sunka buɗe ma kowa. A CERN ɗin nan ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro yanar gizo a 1989, kuma a 2021 ya shiga cikin masu ba Proton shawara. Wato abin ya sake fitowa daga hannun ƴan bincike, inda ya faro.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kullin nan daga bakin mai aikawa zuwa bakin mai karɓa yana aiki da kanshi ne kawai in ku biyun duk kuna Proton. In ka rubuta ma mai Gmail ko Yahoo, a hanya dai yawanci akwai rufi irin na zamani, ba kamar zamanin BITNET ba, amma da ta isa sai ta zauna a na'urar wancan kamfani yadda shi zai iya buɗewa in hukuma ta zo da takarda. To ka duba lambobin da ke cikin wayarka, mutum nawa ke da Proton? Ofishin bursu, ambasada, jami'ar da kake nema a Turkiyya ko Maroko ko Aljeriya, kawunka da ke Kano, kusan duk ba su ciki. Ke nan kaso mafi yawa na wasiƙunka rabinsu a kulle rabinsu a buɗe.

Akwai dabara da sunka yi don wannan, kana iya sa ma wasiƙa kalmar sirri, mai karɓa ba zai ga rubutun ba sai wata mahaɗa da zai taɓa ta kai shi shafin Proton ya sa kalmar ya karanta, yana ma iya ba da amsa daga can, kuma saƙon na mutuwa da kanshi bayan kwana 28. Na gwada da mutane, tana aiki lafiya lau. Sai dai kalmar ta ina za ka ba shi? In ka tura ta cikin wani imel ɗin ka yi aikin banza, in ka tura ta saƙon waya na yau da kullum shi ma a buɗe yake. Sai baki da baki ko ta WhatsApp. Kuma a nan zan faɗi abin da masu tallar Proton ba su so, WhatsApp da muke rainawa tun 2016 saƙonninshi a kulle suke daga baki zuwa baki da fasahar Signal, don haka takardar da ka tura ma abokinka ta can ta fi wadda ka tura daga Proton zuwa Gmail rufi. Ba a dai aika ma ambasada dosiye ta WhatsApp, shi ya sa imel ba ya mutuwa. Kuma kada wani ya yi gigin tura ma ofishin jami'a dosiye mai kalmar sirri, sakatare ba zai tsaya wasa da kai ba, wucewa zai yi.

Kan magana na sama da na ambata, a yi hattara da shi. Mutanenmu na da halin rubuta dukan zancen a wajen, ka ga an sa "sakamakon gwajin asibitin Hajiya" ko "kuɗɗin filin da munka yi magana", to wanga layin ba ya cikin kullin nan na daga baki zuwa baki. A sa kalma guda marar ma'ana a wuce.

Sai maganar Suwis, wadda ita ce babbar tallarsu, wai muna Janiba dokar Suwis ke kare ku. Gaskiya ne ba su amsa takardar ƴan sandan wata ƙasa kai tsaye, sai ta bi ta hukumar Suwis. Amma in ta bi ɗin suna amsawa. A 2021 ƴan sandan Faransa sunka bi ta Europol, hukumar ƴan sandan Turai, hukumar Suwis ta ba da umurni, Proton ya rubuta adireshin IP na wani mai fafutukar muhalli a Paris ya miƙa, aka kama mutum. Ba su ba da cikin wasiƙun ba don ba su iya buɗewa, amma lambar da ke nuna inda ka jona ta isa. A 2024 kuma wani a yankin Kataloniya ta Sifen, imel ɗin da ya sa na ceto in ya manta kalmar sirri shi anka miƙa, daga nan anka bi sawu. Kamfanin bai ɓoye ba, yana fitar da rahoton yawan umurnin da yake samu, wannan na yaba. Ni dai kalmar Suwis kaɗai ba ta sa in yi barci, don kamfanin Crypto AG ma na Suwis ne, ya shekara da shekaru yana sayar ma ƙasashe sama da 120 na'urorin ɓoye saƙo, sai a Fabrairu 2020 Washington Post da talabijin ZDF ta Jamus sunka fallasa cewa tun 1970 CIA da hukumar leƙen asirin Jamus sunka saye shi a ɓoye. Bambancin Proton shi ne rubutun manhajojinshi a buɗe yake, masana na waje na dubawa, wannan ya fi mini tutar ƙasa nauyi. Rasha ta toshe shi a 2020, wasu na ɗaukar haka shaida ce mai kyau, to ko ma dai mene ne ya nuna ana iya toshe shi in an so.

A gida kuma kowa ya san layin waya da katin ɗan ƙasa ake yi mishi rajista. Akwai dokar laifukan intanet ta 2019, akwai dokar sauraren wasu saƙonnin sadarwa da majalisa ta amince da ita ran 29 ga Mayu 2020, ƴan adawa na lokacin sunka ƙi zama a yi da su. A Fabrairu 2021 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa an yanke intanet na waya kusan kwana 10, ranar ba Proton ba Gmail, kowa ajiye wayarshi ya yi. Kamfanin da ke ba ka reso ba ya ganin abin da ka rubuta, amma yana ganin ka shiga Proton da lokacin da ka shiga, sai in ka bi ta VPN, manhajar da ke ɓoye inda kake shiga, su Proton ɗin ma suna da na kyauta, shi kuma yana ƙara ma reso nauyi.

Amma tsakani da Allah, cikin mutum ɗari da ke shigowa shagona ban ga wanda NSA, hukumar sauraren sadarwa ta Amurka, ta san da zamanshi ba. Wanda ya fi hatsari gare su irina ne, mai shagon da ya buɗe maka akwati ya zaɓa maka kalmar sirri ya rubuta maka a bayan rasit. Da mai gyaran waya a kasuwa da kake miƙa ma waya da kod ɗinta ka tafi sallah. Da ordinatar siba da ka shiga ka tashi ba ka fita daga akwatin ba don kuran ya ɗauke. Da abokin da ka ara ma waya ya yi kira. Mutum ya sa lambar wayarshi ko shekarar haihuwarshi a matsayin kalmar sirri sannan ya zo yana tambayata ko Amurka na karanta imel ɗinshi, haba malam! Proton ba ya maganin ko ɗaya cikin waɗanga, sai ɗan abu guda, manhajar na barinka ka sa mata kod nata daban ko ɗan yatsa, wannan kowa ya kunna shi. Ni yanzu duk wanda na buɗe ma akwati juya mishi madannan nake ya buga kalmarshi da kanshi, ina kallon bango, wasu dattawa har haushi suke ji wai na ƙi taimakonsu.

Ga kuma babban tarko ga mutanenmu masu mantuwa. A Gmail in ka manta kalmar sirri su turo kod a waya ka koma ka iske komai. A Proton lambar waya ko imel na ceto na iya maido maka akwatin, amma tsoffin wasiƙun sai su zama shirme marar karantuwa, don mabuɗinsu na ɗaure da tsohuwar kalmar, sai in ka tuna ta ko ka ajiye kalmomi 12 ɗin nan na ceto da suke ba ka. Ba mugunta ba ce, tunda ba su riƙe da mabuɗin ba su da yadda za su yi maka. A rubuta kalmomin a takarda a sa cikin jakar takardun haihuwa da difloma, kada a ɗauke su hoto a bari a waya.

Maganar wuri da kuɗɗi, a nan Gmail ya yi mishi nisa. Na kyauta mega 500 ne, yana kaiwa jiga 1 in ka cika wasu ƴan sharuɗɗa, adireshi guda, saƙo 150 a yini, alhali Google jiga 15 yake badawa. Ɗalibin da ke tura memuwar da sikan na difloma da relebe kala-kala, jiga 1 ba ta kai shi ko'ina, kuma abin liƙawa ba ya wuce mega 25 a saƙo guda. A ƙasan kowace wasiƙa ta kyauta suna manna ɗan layin tallarsu. Neman wata kalma a cikin tsoffin wasiƙu ma sai na'urarka ta fara sauke su ta jera da kanta, tunda su can ba su ganin ciki, wannan kuma forfe yake ci. Na kuɗɗi mai jiga 15, da na duba, Yuro 4.99 ne a wata, wajen sefa 3,300, in ka biya shekara gaba ɗaya ya sauko ya kama wajen jika 31 da ɗoriya. Ko kana da kuɗɗin biyan ne aiki, kati suke so ko PayPal ko Bitcoin, babu maganar tura kuɗɗi ta waya ko ta ƴan aike da munka saba, sai ka nemi mai katin banki ya biya maka, shi ke nan kuma ga sunan wani ya manne da akwatin da kake ma kallon na sirri. Haɗa shi da manhajar karanta imel irin Outlook ko Thunderbird a ordinatar ma sai mai biya.

Kuma duk yadda ka so shi ba ka rabuwa da Google, wayar Android sai da akwatinsu kake sauke manhaja, malamai na tura fom da darasi da taro duk ta can. Adalci kuma a faɗa, Google ya daina leƙa cikin imel don zaɓa maka talla tun 2017, kuma wajen tare ɓarayin akwati da saƙonnin damfara yana da ƙarfi sosai.

Wa nake ba shawara ya buɗe? Malamin jami'a ko mai bincike da ke musayar bayanan mutane da abokan aiki na waje, misali sunayen marasa lafiya ko hirarrakin da anka yi a ƙauye anka yi ma mutane alkawarin ba za a faɗi sunansu ba, da sharaɗin dukan tawagar ta buɗe tare, in ba haka ba wasa ne. Haka lauya da ɗan jarida da likita da ƴan ƙungiyoyi. Ɗan kasuwa mai odar kaya daga Dubai ko Sin, shi ba gwamnati ce damuwarshi ba, ɓarawon da ke shiga tsakani ya canja lambar asusun banki ne, shi maganinshi kira ya tabbatar da baki kafin ya tura ko dala. Ɗalibi mai neman bursu kuwa ya riƙe Gmail ɗinshi, ya canja kalmar sirrin da mai siba ya ba shi, ya kunna tabbaci mai mataki biyu, in yana sha'awa ya buɗe Proton na kyauta a gefe don ajiyar abin da ba ya so kowa ya gani. In maki ake so, na kyauta na ba shi 7 cikin 10, na kuɗɗi 5 saboda wahalar biya daga nan. Wanda ya buɗe na kyautan kuma ya dinga leƙawa lokaci-lokaci, don a ƙa'idarsu akwatin kyauta da ya shekara guda ba a shiga ba suna iya share shi da duk abin da ke ciki.